Mu Bakwai da Aska Ɗaya

Ranar Juma'ar da na dawo garinmu Ƙarfi daga Funtua, abin da na fara lura da shi a zaure shi ne kwanukan abinci sun zama biyu. Tun da na yi wayo kwano ɗaya ake fito mana da shi, ni da Yaya da 'ya'yan Baffa guda biyu, wani babban kwanon samira da bakinsa ya fara ɓantarewa. Ranar sai ga ƙarami a gefe, an ɗaura masa jan zare a hannun marfi, ga kofin roba shi ma da nasa jan zaren. Yaya ya wanke hannu, ya jawo ƙaramin, ya ɗan juya mana kafaɗa ya fara ci. Loma uku na kai na tsame hannu.

Na san abin da ya faru, amma ban san ya kai nan ba. Wata biyu kafin wannan rana matar Yaya ta haihu a wani asibiti a Funtua. Dama tana gidansu a Bakori goyon ciki, wanta ne ya kawo ta a motarsa. Ta zubar da jini da yawa, aka ce a nemo wanda zai bayar. Yaya ya naɗe hannun riga ya miƙa. Da aka gwada, sai ma'aikacin ya leƙo daga ɗaki ya faɗa a gaban kowa cewa ba za a ɗauki nasa ba, yana da ciwon hanta nau'in B. Wan matar yana tsaye a wurin. Ya tambaya ta ina ake samun wannan ciwo, aka ce masa ta jini, da kuma ta saduwa. Kalmar farko ba ta zauna masa ba. Ta biyun ce ya tafi da ita gida. Shi ya ba da jinin, ta tashi lafiya, an gwada ta ba ta da komai, jaririn kuma aka yi masa allurar rigakafi tun a ranar. Daga asibiti aka mayar da ita Bakori wankan jego.

Aka yi arba'in. Inna ta sa aka share ɗakin, aka shanya katifa, aka turara ko'ina. Ba a dawo da ita ba. Baffa ya je, aka karɓe shi da fura mai sanyi, aka ce sai ta ƙara ƙwari. Ya sake komawa, aka ce Alhaji, wato mahaifinta, ya tafi kasuwar hatsi. Ba wanda ya fito ya faɗi zargin, amma ya iso mana ta bakin mata a wajen injin niƙa: ai yana kai masara Funtua ya kwana biyu, wa ya san inda yake kwana?

Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Baba ko Inna sun kama sunansa ba. Baba yana ce masa "wancan", Inna tana cewa "yayan su wane". In an yabe shi a gabansu sai su sunkuyar da kai, in an zage shi ma haka. Wannan kunya ita ta ɗaure musu baki. Ba yadda za a yi Baba ya tashi ya tafi Bakori ya tsaya a zauren mutane yana wanke ɗan farinsa. Jan zaren ma ba don ƙiyayya aka ɗaura ba. Matar Baffa ce ta ji an ce gumi da yawu suna kawo ciwon, ta ji tsoro saboda 'ya'yanta, Inna kuwa ba ta iya buɗe baki ta hana.

Ni a lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya, ɓangaren gwajin jini, an turo ni Funtua sanin makamar aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji, ina kwana a gidan kawuna kusa da injin gurzar auduga. Na riga na karanta cewa cin abinci tare ba ya yaɗa wannan ciwo. Na faɗa wa matar Baffa a tsakar gida, da muryar da ni kaina da kyar na ji ta.

Ta ce, "Likita bokan Turai! Ka gama karatun tukuna, sai mu riƙa zuwa da kati."

Aka yi dariya, na koma zaure. Haka nake tun ina ƙarami. Magana tana tsaruwa daidai a cikin kaina, in ta zo maƙogwaro sai ta watse. A bangon ƙarshe na littafina na rubuta ranar da matar Yaya ta haihu, ina jan layi kowace safiya. Ranar da na ga kwanon nan layukan sun kai sittin da ɗaya.

Talatar da ta biyo baya, Hajiyar da ke shugabantar ɗakin gwajin ta ce duk ɗalibin da ke taɓa jini sai an yi masa rigakafin ciwon hanta, kuma kafin allura sai an gwada shi. Ba gwajin tsinke ɗaya da ake yi wa masu ba da jini ba. Wannan wani farin faranti ne ɗan ƙarami mai tagogi biyar. Na ɗiga jinina na zauna ina kallon agogo. Taga ta farko ta nuna babu ƙwayar cutar a jinina. Na yi ajiyar zuciya. Ta biyu ta nuna ina da garkuwa. Ta ƙarshe kuma ta nuna abin da ban gane ba. Na kai wa Hajiya.

Ta gyara tabarau ta duba. "An taɓa yi maka allurar?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"Ko da an yi maka, allura ba ta kawo wannan ta ƙarshen. Wannan sawun ƙwayar ne da kanta. Ta shiga jikinka wani lokaci can baya, jikinka ya kore ta, ta bar sawu. Ka yi wa Allah godiya, an yi maka rigakafi ba tare da ka sani ba."

Na roƙe ta ta sake da kanta, da jinin jijiya. Ta harare ni ta saman tabarau, amma ta yi. Abu ɗaya ya fito.

Daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. A lokacin hutun azahar nakan fita in bi gefen layin dogo har inda ake sauke buhuna, in dawo ban san me na gani ba. Na kwaso duk littattafan da Hajiya ke da su a kabad, na haɗa da abin da na samu a waya, ina kwafewa a littafina da ƙananan haruffa. Abu biyu na fahimta. Na farko, wanda ƙwayar ta shige shi yana babba, yawanci jikinsa yana korar ta. Wanda ta fi zama a jikinsa har tsufa shi ne wanda ta shiga tun yana yaro. Ashe zaman da ta yi a jikin Yaya ya fi kama da abin da ya faru a ƙuruciya. Na biyu shi ne ya fi hana ni sakat. A jikin ƙananan ƙwayoyin da aka gina ɗan Adam da su akwai wasu abubuwa kamar hannuwa. In ƙwayar cuta ta shiga, su ne ke cafko ɗan guntunta su ɗaga shi sama don sojojin jini su gani su gane abokin gaba. Siffar waɗannan hannuwa gado ce, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma iri-iri ce sosai, har ya kasance 'yan ciki ɗaya kowa da haɗin da ya ɗauko. Wani hannun yana riƙe guntun wannan ƙwaya gam, sojoji su gani su taso. Wani kuma riƙon ba ya kama masa sosai, sai ƙwayar ta samu wuri ta zauna. Littattafan ba su ce wannan kaɗai ne dalili ba, sun lissafa shekaru da wasu abubuwa, amma sun ce yana ciki.

Sai tambaya ta rage: yaushe ne jinina da na Yaya suka bi ta hanya ɗaya? Ban daɗe ina nema ba. Ina cikin wanke kwalaben gwaji abin ya faɗo mini, har ruwa ya cika ya zubo ban kashe famfo ba.

Lokacin sanyi ne, bayan an gama girbi. Yaya yana da wajen shekara tara, ni biyar da 'yan watanni. Ban isa kaciya ba, amma Baba ya ce a haɗa da ni a huta gaba ɗaya. Mu bakwai ne daga gidaje huɗu. Aka haƙa 'yan ramuka bakwai a bayan gidanmu, kowa ya zauna a bakin nasa. Wanzamin abokin Baba ne tun suna samari, shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana beli. Ya buɗe zabira, ya zaro aska ya wasa ta a fata. Daga babba aka fara. In ya gama da ɗaya sai ya goge askar da wani tsumma da ke kafaɗarsa, ya matsa gaba. Yaya ne na huɗu. Ni ne na ƙarshe, na kalli duka shidan kafin a zo kaina. Na tuna ƙamshin garin bagaruwa, na tuna kwanakin da muka yi kwance a zaure a kan yashi ana kawo mana kaji, na tuna Yaya yana ba ni cinyar kazarsa don in daina kuka. Tsumman nan kuwa, har launinsa na tuna.

Ba zan iya rantsuwa cewa a nan ne ba. Ko a lokacin na rubuta a littafina, na ja layi biyu a ƙasa: ba tabbas. Akwai aski, akwai farce, akwai ƙurajen yara. Na ga cewa in na samu ko mutum ɗaya daga cikin sauran biyar ya yarda a gwada shi, maganata za ta yi nauyi. Biyu suna kudu, ɗaya ya rasu a hatsarin mota, ɗaya ban san inda yake ba. Saura ɗan kawuna, taubashina, wanda ke jan adaidaita a Funtua. Na same shi a bakin tasha yana cin rake.

Ya ce, "A'a, bawana! Yau an bar ka ka fito? Hau in kai ka, amma a baya, kada 'yan mata su ganka ka suma."

Na zauna a baya na yi masa bayani tun daga farko, har da hannuwan da sojojin. Ya saurara yana tofar da ɓawo.

"To yanzu jinina kake so?"

"Ɗigo biyu kawai."

"In ka tarar ina da shi fa? Ka iya cire shi?"

Na ce a'a, amma akwai kulawar da ake yi, akwai magani ga wanda yake buƙata.

"A ɗaura mini jan zare ni ma? Ka ga, malam, ina tashi lafiya ina kwanciya lafiya. Bar mini jinina inda Allah ya ajiye shi." Sai ya juyo gaba ɗaya. "Kai da kake da takarda a hannu, me kake nema a wurina? Je ka nuna taka mana."

Abin da nake gudu ke nan. In na nuna tawa, wa zai tsaya ya bambance wanda ta shiga ta fita da wanda take jikinsa? Kwano na uku za a fitar. Kuma maganar ba ta tsayawa a kaina. Tana zuwa kan wanzami, tsohon da har yanzu yake zuwa gaishe da Baba duk ranar kasuwa. Tana zuwa kan Baba da ya kira shi, ya kuma ce a haɗa da ni. Na ninke takardar na sa a cikin littafi. Juma'a biyu ina zuwa gida da ita ina komawa da ita. Duk lokacin da mota ta tsaya a Bakori sauke fasinja, sai in kalli lungun da ke shiga unguwar su matar Yaya. Layuka suka kai saba'in da tara.

A Juma'a ta uku na tarar Yaya ya daina zuwa zaure gaba ɗaya. A ɗakinsa yake ci. Ya rame, ba don ciwon ba, don likita ya duba hantarsa ya ce tana lafiya, sai dai a riƙa dubawa. Na same shi yana gyaran sarƙar babur. Ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, wan matarsa ya aiko cewa ranar Lahadi mai zuwa za su zo kwasar wasu kayanta, wai tana buƙatarsu. Ya ce, "Sau ɗaya na ga yaron nan ido buɗe." Ya ci gaba da juya taya. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san in aka fara kwasar kaya kaɗan-kaɗan, ina aka dosa.

Washegari da hantsi na bi Baba gona. Ana yankan dawa, shi kuma yana zaune a kan buhu a gindin ɗorawa yana aikin da ba ya bar wa kowa: zaɓen iri. Yana ɗaukar zangarniya ya juya ta, ya murza ido biyu a tafin hannu, ya ajiye dama ko hagu. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna ina taya shi ɗaurewa. Sai da na ɗaure dami biyu kafin na iya fito da takardar. Na karanta masa daga littafina kamar mai ba da hadda, idona a ƙasa. Da na zo kan aska na tsaya, na sake farawa.

Baba bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana juya zangarniya ɗaya a hannunsa.

Ya ce, "Kai ma ya shige ka."

"E, Baba."

"Ya fita."

"Ya fita."

"Wancan kuma ya zauna masa."

Na ce e. Ya miƙa hannu cikin tarin hagu ya zaro wata da burtuntuna ta mayar baƙa wuluk, ya haɗa da mai kyau da ke hannunsa. Ya ce waɗannan biyun daga rami ɗaya ya yanko su, kuma irin zangarniya ɗaya ya shuka a layin nan bara da bana. Ya ce shekara arba'in yana ganin haka, bai taɓa cewa ƙasa ce ta yi wa ɗaya laifi ba. Sai ya dubi baƙar, na ga fuskarsa ta sauya.

Na yi sauri na ce, "Baba, ba haka ba ne. Ba wai nasa ne marar kyau ba. Hannun da bai riƙe wannan ƙwayar ba yana iya fin nawa riƙe wata. Shi ya sa Allah bai yi mu iri ɗaya ba."

Ya ajiye su biyun a gefe, ba dama ba hagu. Ya laluba aljihu ya fito da makullin babur ɗinsa, wanda bai taɓa ba ni ba.

"Bayan la'asar ka je Bakori. Ka faɗa wa Alhaji kamar yadda ka faɗa mini. Ka ce ni na aiko ka. Ka ce ni na kira wanzamin, a bayan gidana aka yi." Ya koma kan zaɓensa. Har na miƙe ya ƙara da cewa, "Kada ka kama sunan tsohon nan. Abin da ya gada ya yi."

Sau biyu na tsaya a hanya. Na farko wai don in duba taya. Na biyu ban ma nemi dalili ba, na zauna a kan babur a gefen titi motocin masara suna wucewa, ina maimaita jimlar farko.

Na tarar da Alhaji a zaure da carbi, wan matar yana gefe yana danna waya. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa. Gaisuwa ta yi tsawo, aka tambayi Baba, aka tambayi kaka, aka tambayi karatu. Ba a tambayi Yaya ba. Na ce Baba ne ya aiko ni. Alhaji ya ajiye carbin, don ya san abin da ake nufi in uba ya yi aike a kan ɗan fari.

Na miƙa takardar. Wan matar ya karɓa ya duba gaba da baya.

"Wannan ai sunanka ne."

Na ce e, tawa ce. Na fara bayani. Jimlar da na haddace ta gudu, na buɗe littafi na karanta. Na faɗi ramuka bakwai, na faɗi tsumma, na faɗi maganar hannuwan, na faɗi cewa wanda ciwon ya zauna wa yawanci tun yarinta ya same shi. Na faɗi cewa ban da tabbacin askar ce, amma ina da tabbacin ƙwayar ta shiga jikina kamar yadda ta shiga nasa.

Wan matar ya ce, "Ban gane ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, aska ɗaya, ɗaya yana da shi ɗaya ba shi da shi? Malam, wannan ai labari ne. Ko dai kai ma kana bin sa Funtuwar ne?"

Na ji kunnuwana sun yi zafi. Sai daga bayan labulen ƙofar cikin gida muka ji dariya, irin wadda ake dannewa ta ƙi dannuwa. Matar Yaya ce, ashe tana tsaye tun ɗazu. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, kodayake ita kaɗai take yin wasan, ni sai dai in gudu.

Ta ce wa wanta, "Yaya, wannan? Wannan da shekara biyu ina gidansu bai san launin idona ba? In mai tallar gyaɗa ta yi sallama ta katanga yake fita. Wallahi in wannan ya samu, to a tsumman ya samu."

Alhaji ya ce, "Ke! Shiga ciki." Amma na ga gemunsa yana motsi. Ya karɓi takardar daga hannun ɗansa, ya riƙe ta nesa da ido ko da yake ba Turanci yake karantawa ba. Ya ce in sake faɗa masa maganar hannuwan nan a hankali. Na sake, wannan karon ban duba littafi ba. Ya tambaya ko 'yarsa za ta iya ɗauka. Na ce akwai allura uku da za a yi mata a kan lokaci, bayan nan a gwada a tabbatar garkuwa ta kama, kuma yaron ma a cika masa nasa. Ya tambaya ko ana ɗauka a kwano. Na ce a'a. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, su tara aka yi wa kaciya tare a nasu zamanin, a bayan gidan kakansa. Ya dubi ɗansa ya ce, "Ku ma ai ku shida ne ko?" Wan matar ya mayar da waya aljihu.

Alhaji bai yi mini alkawari ba. Ya ce in gaida Baba, in ce ya ji. Ya riƙe takardar, ya ce zai nuna wa wani ma'aikacin lafiya da ya yarda da shi. Na fito, na manta littafina a kan tabarma sai da aka biyo ni da shi.

Lahadi ta zo ba wanda ya zo kwasar kaya. Wata Lahadin ma haka. Ni kuwa ban samu natsuwa ba, kullum ina tunanin ko na faɗi wani abu ba daidai ba, ko na ƙara gishiri, ina buɗe littattafan Hajiya ina sake dubawa. Layi na ɗari da biyu na ja ranar da ƙanina ɗan Baffa ya kira ni a waya ya ce mota ta tsaya a ƙofar gida, an sauko da ita da yaron da buhun kayan yaji, an riga an yi mata allurar farko a Bakori.

Da na je gida Juma'a, kwano ɗaya aka fito da shi. Ban san wanda ya ba da umarni ba. Na dai ga ƙaramin kwanon a tsakar gida an zuba wa kaji ruwa a ciki, jan zaren yana nan a marfin da aka jefar gefe. 'Ya'yan Baffa sun ɗan yi jinkirin sa hannu, na riga su, suka biyo.

Bayan an ci an watse, Yaya ya tsayar da ni. Bai yi mini godiya ba, mu ba ma yin haka. Ya ce, "Kai ne ƙarami a ranar. Littafinku ya ce ƙarami ta fi zama wa. Me ya sa ni?"

Na ce ban sani ba. Na ce abin da na sani shi ne haɗin da ya ɗauko daga Baba da Inna ba shi ne nawa ba, kuma ba a taɓa gwada mu an ga wane ne wane ba, irin wannan gwajin ba a yin sa a nan.

Inna tana bayan ƙofar zaure tana tattara kwanuka. Ba da Yaya ta yi magana ba, ba ta taɓa yi kai tsaye ba. Da ni ta yi. Ta ce shekarar da ƙyanda ta shigo unguwa tabarma ɗaya muke kwana. Ni na yi kwana goma sha biyu idona a rufe, har an fara cire rai. "Yayanka kuwa," ta ce, "ƙuraje biyar na ƙirga a bayansa, kwana biyu ya tashi yana neman tuwo." Ta ɗauki kwanukan ta shige.

Na so in ce ba lalle dalilin ɗaya ba ne, ƙyanda daban, wannan daban, kuma shi ya girme ni. Na dubi fuskar Yaya na fasa.

Har yau ƙwayar tana jikinsa. Duk wata shida yakan zo Funtua, in ɗaure masa hannu da roba in nemi jijiya. Yakan kawar da kai, don mutumin da bai yi kuka a bakin rami ba tsoron allura yake ji. Kafin sakamako ya fito nakan fita in bi gefen layin dogo in dawo. Ɗansa yanzu ya fara gudu. Da maganar kaciyarsa ta taso, Baba ne ya ce wa Baffa a faɗa wa wancan ya kai yaron asibiti.